Darasi Ga Ƙungiyoyin Manoma: In Injin Da Aka Yi Wa Garambawul Yana Yoyon Baƙin Mai

'Yan'uwa manoma, a ƙasarmu ta arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Tsanyawa, daga Minjibir zuwa Ɗambatta, gonaki ƙanana ne, suna manne da juna. Da wuya a sami mai gonar da za ta ishe shi ya riƙe mota shi kaɗai. Saboda haka ne ake haɗa kuɗi a ƙungiya a sayi a-kori-kura guda. Ita ce ke kawo taki daga birni, aikin da jakuna suka daɗe suna yi. Ita ce kuma ke kai wake da gyaɗa da riɗi kasuwar Dawanau da kaka. In ta kwanta a watan da ake bukatarta, asarar ta kowa ce.

Inji kuwa yakan gaji. Sai a tara kuɗi, wani lokaci har da bashi, a kai wa bakanike ya sauke shi ya yi masa garambawul: sabbin ringi, sabbin metal, sabbin gaskit. Mota ta dawo gida, kowa yana murna. Bayan mako ɗaya sai a ga tabon baƙin mai a ƙasa inda ta kwana. Daga nan gardama ta tashi a wurin taro. Wasu su ce bakanike ya cuce mu. Direba ya ce lalle sil ɗin baya ne, sai an sāke sauke inji. Ma'aji kuwa ya yi shiru, gama ya san abin da ya rage a asusu.

Abin da muke so mu koya a wannan darasi shi ne: wurin da mai yake ɗiga ƙasa, sau da yawa ba daga nan yake fitowa ba. Kada ƙungiya ta yarda a sāke sauke inji sai ta ga ainihin mafitar man da idonta. Wannan bincike ba ya bukatar kuɗi. Kananzir kaɗan, da omo, da hoda, da kwali, da tocila sun isa.

Ko ya isa a damu?

Yoyo iri-iri ne. Akwai naso, watau wurin ya yi damshi, ƙura ta manne, amma ba ya ɗiga. Tsohon inji yana iya shekara da naso bai cuci kowa ba. Akwai ɗiga, akwai kuma tsiyaya. Waɗannan biyu ba a yi musu haƙuri.

Bari mu yi lissafi. Misalin ɗigo 20 ne ke yin mililita ɗaya. In inji yana sakin ɗigo ɗaya cikin kowace daƙiƙa 10 sa'ad da yake aiki, cikin awa ɗaya ya saki ɗigo 360, watau mililita 18. In mota ta yi awa 8 tana aiki a yini, cikin kwana 7 lita guda ta tafi. Injin fetur na Peugeot 504 kuwa misalin lita 4 yake ɗauka. Ashe cikin wata ɗaya ɗigon da ake rainawa ya zubar da man inji duka.

Kada direba ya ce ai jar fitilar mai za ta gargaɗe shi. Wannan fitila ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turinsa take aunawa. Sa'ad da ta kama a kan hanya, mai ya riga ya kasa kaiwa wurin metal, sabbin metal ɗin da aka saya da kuɗin jama'a sun fara cinyewa. Abin dogara shi ne sandar gwada mai. A zare ta kowace safiya kafin a ta da inji, mota tana tsaye a wuri mai daidai, a goge, a mayar, a sāke zarewa a duba. Magatakarda ya ajiye littafi a mota, direba ya riƙa rubuta ranar da ya ƙara mai da yawan abin da ya ƙara. In an yi haka mako biyu, ba sauran gardama a kan ko yoyon babba ne ko ƙarami.

Mai ɗin wane ne?

Da yamma a shimfiɗa kwali mai tsabta ƙarƙashin mota, a danne da duwatsu, a yi masa alama inda ƙafafun gaba suke. Da safe a duba. Baƙin man inji yana da santsi, in sabo ne launinsa kamar zuma, in ya yi aiki ya yi duhu. Ruwan lagireto ba shi da wannan santsi. Man birki yana fitowa kusa da ƙafafu ko ƙarƙashin wurin da direba ke taka birki, shi kuwa in an gan shi, mota ba ta fita sai an gyara. Man giya a motoci da yawa yana da kauri da wari mai ƙarfi. Amma a lura, a Peugeot na dā irin man da ake zuba wa inji shi ake zuba wa giya, don haka wari ba zai raba su ba. Sai dai na giya ba ya yin baƙi kamar na inji, in kuma an kwance kusar gefen giya za a ga ko ya ragu.

Akwai kuma man da ba yoyo ba ne ko kaɗan. Lokacin haɗa inji bakanike yana shafa mai a kan kowane ƙarfe, yaransa kuma sukan zubar da kaɗan wajen ɗurawa. Wannan yakan taru a lunguna ya yi ta ɗiga kwana biyu ko uku. Shi ya sa aikin farko shi ne wanki.

Wanki da hoda

A bar inji ya huce sarai. A goge shi da tsumma da kananzir, sa'an nan a wanke da ruwa da omo, a rufe kafireto da wayoyin wuta da leda kada ruwa ya shiga. Kada a wanke da fetur. Mun san ana yi a gareji da yawa, amma tartsatsi ɗaya daga kan batir ya isa a rasa motar da mai wankinta. A bar inji ya bushe a rana.

In ya bushe, a barbaɗa hoda irin ta jarirai, ko garin alli, ko toka mai laushi da aka tankaɗe, a duk inda ƙarfe biyu suka haɗu, daga sama har ƙasa, gaba da baya. A ta da inji a bar shi a silo minti 15 ko 20 har ya yi zafi. Wanda zai leƙa ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannun taguwa, gama fanka da fambel ba su da tausayi. A haska da tocila. Inda ido ba ya kaiwa, kamar bayan inji, a sa guntun madubi. Mai zai zana baƙin layi a kan farar hoda. A bi wannan layi sama, a yi ta binsa, har inda ya ƙare. Wuri mafi tsawo da ya jiƙe, nan ne mafitar.

Dalili kuwa shi ne mai gangarowa yake yi, iskar fanka da iskar tafiya kuma suna kora shi baya. Saboda haka man da ya fito daga saman inji ta gaba yana iya bin jikin inji ya je ya ɗiga a mahaɗar inji da giya, daidai inda sil ɗin baya yake. Wanda ya leƙa daga ƙasa kaɗai zai rantse sil ɗin ne. Masu 404 da 504 su ƙara lura da wannan, domin injinsu ba a tsaye yake ba, a kishingiɗe yake wajen gefe ɗaya, mai kuwa duk gefen da ya fi ƙasa yake bi. Waɗannan motoci an fara harhaɗa irinsu a Kaduna a 1975, an kuma daina ƙera 504 tun da daɗewa, amma har yanzu akwai masu ɗaukar buhuna a hanyoyin ƙauyukanmu, mafi yawansu kuwa an buɗe injinsu fiye da sau ɗaya.

In a silo ba a ga kome ba, a yi tafiyar kilomita 5 a dawo a duba. Wani yoyon ba ya bayyana sai an taka totur. Kada dai a yi doguwar tafiya, don iska za ta watsa man ko'ina, a koma gidan jiya.

A fara da numfashin inji

Wannan shi ne abin da aka fi mantawa, shi ya sa za mu daɗe a kansa. Duk sa'ad da fetur ya kama wuta a kan fistin, hayaƙi kaɗan yana ratsa ringi ya sauka cikin inji inda mai yake. Masu ƙera mota sun san da haka, sun yi masa hanyar fita: bututun roba da ke tashi daga murfin kan inji ko daga gefensa, ya kai hayaƙin wurin da inji ke shaƙar iska. A wasu motoci akwai ɗan bawul a kan bututun, a wasu kuma raga ce ta waya. Wannan muke kira numfashin inji.

In bututun ya toshe da tsohon datti, ko ya lanƙwashe wajen mayar da inji, ko kuwa wani yaron gareji ya ga bakinsa a buɗe ya cusa masa kusa don kada ƙura ta shiga, hayaƙi ba shi da mafita. Sai ya taru ya yi ta tura mai ta kowace kafa. Kamar tukunyar da aka rufe bakinta kam a kan wuta ne. Alamarsa ita ce yoyo a wurare da yawa gaba ɗaya: gaba, da baya, da gefen murfi, wani lokaci har sandar gwada mai takan ɗago da kanta. In aka ga haka a injin da duk gaskit ɗinsa sabbi ne, da wuya a ce dukansu suka lalace rana ɗaya.

A cire bututun a busa. In iska ba ta wucewa, a wanke shi da kananzir tare da ragar, ko a sa sabo. Mutum yana iya canza sil sau uku, in numfashi a toshe yake, na huɗun ma zai yi yoyo.

Sa'an nan a buɗe murfin da ake ɗura mai, inji yana silo, a ɗora tafin hannu sama da bakin. Ɗan hucin iska ba laifi. Sabbin ringi ba su zauna daidai da jikin silinda ba tukuna, sai sun yi tafiya, don haka a makonnin farko hucin yakan fi yawa, sa'an nan ya ragu. Amma in hayaƙi yana bugowa kamar na injin niƙa, bai kuwa ragu ba bayan kilomita 1,000, to, akwai magana: ko ringi ya karye wajen sawa, ko an jera bakunansu a layi ɗaya, ko silinda ta riga ta cinye aka sa mata sabbin ringi haka nan. Wannan kam aikin bakanike ne, a kansa yake.

Ƙungiya ma tana da nata hakki a nan. Injin da ya fito daga garambawul ba a labta masa buhuna har sama a makon farko, ba a kuwa bar shi ya wuni a silo. Kaya matsakaici, gudu matsakaici, ana sauya giya. Bayan kilomita 1,000, ko kafin haka, a juye man farko a canza filta. Shi ya sa muke ba da shawara a yi garambawul da rani, ba ana gobe za a fara kai amfanin gona kasuwa ba.

A kuma duba ko mai bai yi yawa ba. Wasu direbobi sukan ƙara rabin lita bisa alamar sama, wai don tsaro. Karanshaf yakan bugi man da ya yi yawa ya mai da shi kumfa, ya watsa shi wajen sil. In kuwa mai yana ƙaruwa da kansa yana warin fetur, famfon fetur ɗin da ke jikin inji ne ya huje yana zuba a ciki.

Ƙananan wurare kafin manya

Murfin kan inji shi ya fi kowane wuri yoyo bayan garambawul, shi ne kuma mafi sauƙin gyara. Laifin yawanci ɗauri ne ya yi yawa. Murfin falle ne na ƙarfe, in an matse shi da ƙarfin tsiya sai ya lotsa, gaskit ya tsage ko ya fito gefe. Da an ga mai kuma sai a ƙara ɗaurewa, abu ya ƙara lalacewa. A cire murfin, a kifa shi a kan gilashi ko a ɗora masa rula a ga ko bakinsa a miƙe yake. In ya lotsa a daidaita shi a hankali da guduma a kan katako. A kankare tsohon gaskit sarai, a goge, a sa sabo, a ɗaure kaɗan-kaɗan, ana zagayawa. Haka nan ake yi wa kaskon mai na ƙarƙashin inji, ana farawa daga kusoshin tsakiya zuwa na gefe.

Filta tana da zoben roba. Wani lokaci tsohon zoben yakan manne a jikin inji, a ɗaura sabuwar filta a kansa, zobe biyu ke nan. Wannan yana iya zubar da man inji duka cikin 'yan mintoci. A shafa wa sabon zobe mai, a ɗaure da hannu, ba da sifana ba. Kusa da nan akwai ɗan makunnin da ke kunna jar fitilar mai, mai waya ɗaya a kansa. Yakan tsage ya riƙa fitar da mai ta wajen wayar. Kuɗinsa kaɗan ne, amma ya sha sa an sauke inji a banza. Kusar juye mai ta ƙasa kuma tana da wosa ta jan ƙarfe. Sau ɗaya ake amfani da ita, in an mayar da tsohuwa sai ta yi ta ɗiga.

Game da gam ɗin da ake matsawa daga kwanso, muna da ra'ayi. Yana da amfani a kusurwoyi, inda gaskit biyu suka haɗu, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake. Amma yanzu an mai da shi maganin kowace cuta. In kun ga gam ya tumbatso waje ko'ina a jikin inji, ku sani kamar haka ya tumbatsa ciki. Na cikin yakan ɓalle ya faɗa kaskon mai, ya toshe ragar da famfon mai ke tsotsa ta cikinta. Yoyo ya tsaya, inji kuwa ya mutu da ƙishirwa.

Sil na gaba da na baya

Karanshaf yana leƙowa waje ta gaba, inda faifan da fambel ke hawa yake, da ta baya, inda kuloci yake. A mafi yawan motoci zoben roba mai leɓe ne ke tare mai a waɗannan wurare biyu, shi kanikawa ke kira sil. Wasu tsofaffin injuna igiya ce ake cusawa, wasu kuma zare ne aka sassaƙa a jikin ƙarfen yana mai da man ciki sa'ad da yake juyawa. Ya kamata bakanike ya san irin wanda ke injinku kafin ya taɓa.

Sabon sil yana yoyo in an buga shi a karkace, ko an sa shi a bushe ba a shafa wa leɓen mai ba, ko an juya shi baibai, ko kuwa jabu ne. Akwai kuma dalilin da ya shafe mu musamman. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin burji tana taruwa a bakin sil, shekara da shekaru tana goga, har ta yi wa ƙarfen zobe kamar yadda igiyar guga ke cin bakin rijiya. In aka sa sabon sil daidai kan wannan zobe, ba zai riƙe ba. A sa farce a ji. In farce ya maƙale, sai a zaunar da sil ɗin gaba kaɗan ko baya kaɗan inda ƙarfe yake sumul, ko a sa wa wurin siririyar riga ta ƙarfe, ko a canza faifan in na gaba ne.

Sil na gaba ana canza shi inji yana kan mota. Na baya sai an raba inji da giya. Saboda haka kada a yanke masa hukunci sai an tabbata bayan murfin sama a bushe yake, makunnin fitila a bushe, gefen kasko a bushe, numfashi a buɗe, mai kuwa yana fitowa daga cikin mahaɗar kanta. In shi ne, kada a yi jinkiri, gama man zai jiƙa kuloci ya fara sulɓi, a sayi abu biyu maimakon ɗaya. Duk wanda zai shiga ƙarƙashin mota kuma, kada ya dogara ga jak kaɗai. A tokare da kututture mai ƙarfi, a sa duwatsu a ƙafafu.

Wani yoyon ba ya taɓa ƙasa. In mai yana raguwa, kwali a bushe, salansa tana fid da shuɗin hayaƙi, inji ne ke ƙona shi. In kuwa man ya koma kamar madara a kan sanda, ko an ga mai yana yawo a ruwan lagireto, ruwa da mai sun haɗu. A kashe inji nan take. A 404 da 504 silinda zarewa ake yi, ruwa yana kewaye da su, kowace tana da abin da ke tare ruwa a gindinta. In ba a zaunar da su daidai ba, ko gaskit ɗin kai bai kama ba, haka ke faruwa. Irin waɗannan tsofaffin injuna ana sāke ɗaure kusoshin kansu bayan tafiyar farko, inji a sanyaye, da sifana mai awo, bisa ga tsarin da masu ƙera shi suka bayar. A tambayi bakanike tun farko ko yana da wannan sifana.

Komawa wurin bakanike

A tafi mutum biyu, direba da wani dattijo daga cikin shugabanni, da littafin mota a hannu. Ba a fara da zargi. Bayan gaisuwa sai a ce, "Malam, mun wanke injin nan mun sa hoda, ga inda man ya fara fitowa, ga kuma abin da muka ƙara cikin mako biyu. Mene ne shawararka?" Bakaniken kirki zai ji daɗin wannan, an rage masa aiki. Wanda kuma ya so ya ce a sauke inji tun bai duba ba, zai ga mutanen nan sun san abin da suke yi. In ya ce a zuba mai mai kauri ko wani magani na gwangwani yoyon zai tsaya, kada a karɓa a matsayin gyara. Ɓoye ciwon ne kawai har lokacin alkawarinsa ya wuce.

Ƙungiyar da ba ta kai injinta ba tukuna, ta shirya waɗannan tun kafin a kwance kusa ɗaya. Wani daga cikinku ya bi bakanike Ƙofar Ruwa ko duk inda za a sayi kaya, a sayi gaskit da sil masu kyau ko da sun fi tsada, gama su ne mafi arha cikin kayan garambawul duka. A dawo muku da tsofaffin da aka cire. A kuma yarda a gaban shaidu cewa wani kashi na kuɗin aiki zai zauna wurin ma'aji sai mota ta yi kilomita 1,000 ta dawo an duba ta.

Man da aka juye kuma a tara shi a jarka mai murfi. A ƙauyukanmu gida da gona da rijiya duk kusa suke, kada a zubar da shi a ƙasa ko a kwata, kada kuma a shafa wa dabbobi a kan ƙazuwa ko gyambo, gama guba ne ga fata.

A taronku na gaba, ku kawo motar ƙungiya wurin taro, ko injin niƙa, ko injin ban-ruwa, domin su ma suna da numfashi da gaskit da sil, hanyar binciken kuwa ɗaya ce. Direba ya nuna wa kowa sandar gwada mai, da bututun numfashi, da makunnin jar fitila. Sa'an nan ku zaɓi mutum na biyu, ban da direba, wanda zai riƙa duba littafin mota kowane mako.